Tsakanin Mari da Magani: Yadda Gari Zai Zauna da Mai Taɓin Hankalin da Ke Zagin Jama'a

Gabatarwa

Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Baure, cikin masarautar Daura, daf da kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Kamar sauran garuruwan kan iyaka, rayuwar mutanensa ta rataya ne a kan cuɗanya: manomi da makiyayi, ɗan kasuwa da direba, baƙo da ɗan gari, kullum suna goga kafaɗa a kasuwa da masallaci da tashar mota da majalisar ƙofar gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da mai tsare masa da'a, kamar sarkin kasuwa, ko liman, ko shugaban direbobi, ko mai unguwa.

Akwai wata matsala da kan ɗaure wa irin waɗannan shugabanni kai a Babban Mutum da kowane gari na ƙasar Hausa. Ita ce ta mutumin da aka san shi da kamun kai, sai aka wayi gari ya koma zagin dattawa, yana yi wa maƙwabta ƙazafin maita, yana ɗaga murya a sahun salla, ko yana faɗa wa mata maganganun batsa a bainar jama'a. In an kore shi, an yar da ɗan'uwa maras lafiya. In an ƙyale shi, an bar wasu bayin Allah suna shan cin mutunci ba da laifinsu ba. Wannan maƙala za ta duba abin da ilimin halittu ya gano game da tushen irin wannan hali, da abin da tarihi ya koyar game da hanyoyin da aka gwada, sannan ta kawo ƙa'idojin da za su kare jama'a tare da tsare mutuncin maras lafiyan.

Linzamin da ke cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da suke fesawa a ɗan tsukin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Can ciki, a kowane gefe, akwai wani ɗan curi da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne hango barazana da kunna tsoro ko fushi nan take. A gaba kuwa, daidai bayan goshi, akwai sashen da ke auna magana kafin ta fita, ya hango abin da za ta haifar, ya danne wadda ba ta dace ba.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Daura ya san cewa ƙarfin doki bai isa ya ƙawata hawa ba sai da linzami. Sashen goshi shi ne linzamin. Kowane ɗan Adam yakan ji wata baƙar magana ta taso masa a zuci, amma linzamin ya riƙe ta. Abin da Bahaushe ke kira kunya da kawaici da kara, duk suna da mazauni a wannan sashe. Shi ne kuma sashen da ke jinkirin nuna, don bai kammala girma sai mutum ya doshi shekara 25. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa samari yin katoɓara fiye da dattawa.

Wani haɗari da ya faru a Amurka ranar 13 ga Satumba, 1848, shi ya fara haska wa likitoci wannan al'amari. Wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse sai ya fashe, wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakiyar kansa. Bai mutu ba, kuma bai manta magana ba. Sai dai likitansa, John Harlow, ya ba da rahoton cewa mutumin da a da aka yaba wa natsuwarsa ya koma mai ashar da rashin haƙuri da rashin ganin girman kowa. Labarin yana da wani ɓangare da ba a cika faɗa ba: daga baya Gage ya yi shekaru yana tuƙin keken doki mai ɗaukar fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya hulɗa da jama'a. Masana da dama na ganin cewa aikin yau da kullum mai tsari ya taimaka masa ya sake koyon zama da mutane.

Cututtukan da kan kwance linzamin

Kalmar "hauka" buhu ce da aka cusa cututtuka daban-daban a ciki, alhali kowace tana da sanadinta da maganinta.

Ta farko ita ce sikizofiraniya. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, tana damun mutum kimanin miliyan 24 a duniya, wato ɗaya cikin 300. Galibi takan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da 'yan kai. Mai ita yakan ji muryoyin da babu mai yin su, ko ya sakankance cewa ana farautarsa. Bincike ya danganta waɗannan alamu da rikicewar sinadarin dofamin, wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne nuna wa ƙwaƙwalwa abin da ke da muhimmanci. In ya yi yawa inda bai kamata ba, tarin maƙwabci ko dariyar mai shayi sai su zama saƙo na musamman a wurin maras lafiyan. Saboda haka idan ya zagi wanda ke wucewa, a ganinsa ramawa ya yi.

Ta biyu ita ce cutar hawa da saukar yanayi, wadda likitoci ke kira baifola, kuma mutum miliyan 40 ke fama da ita a 2019. A lokacin hawanta, mutum yakan yi kwanaki ba barci, ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ya ɗauki kansa wani babba, ya rabar da dukiyarsa, ya harzuƙa da duk wanda ya tanka masa. Bayan makonni yakan sauko, ya shiga baƙin ciki mai tsanani da jin kunyar abin da ya aikata.

Ta uku ita ce ruɗewar da ciwon jiki ke kawowa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin babur, da ƙarancin sukari a jini, da farfaɗiya, duk suna iya sa mutum sambatu da zage-zage. Jihar Katsina tana cikin yankin Afirka da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin zafi. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Haka kuma mace ɗaya ko biyu cikin kowace haihuwa 1,000 kan sami ruɗewar hankali a makonnin farko na jego. Akwai kuma gigin tsufa, wanda wani nau'insa kan fara cin sashen goshi, har dattijo mai kamala ya koma sakin baki.

Ta huɗu ita ce shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. Wiwi na iya tayar da ruɗewa, musamman ga matashin da cutar ke cikin danginsa. Tiramadol da kodin suna dagula tunani, shi ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Zakami kuwa, wanda ba a banza ake masa laƙabi da haukata-yaro ba, yana ɗauke da sinadaran atirofin da sikofolamin masu toshe saƙon jijiyoyi, su jefa mutum cikin gane-gane na tsawon yini ko fiye.

Wani abin lura shi ne, kimanin rabin masu sikizofiraniya, ko ma fiye, ba su san ba su da lafiya ba. Wannan rashin sani alama ce ta cutar kanta, domin gaɓar da ya kamata ta gane ciwon ita ce ta kamu. Shi ya sa gardama da maras lafiya don ya amsa cewa ya taɓu ba ta cika haifar da komai ba sai ƙarin gaba.

Zaton jama'a da abin da bincike ya nuna

A 2004 wasu likitoci daga Kano sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa manya 250 a ƙauyen Karfi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku sun ɗora alhakin taɓin hankali a kan shaye-shaye, wasu suka ce hukuncin Allah ne, wasu suka ce sammu ko iska. Ƙasa da rabi kaɗan suka zaɓi asibiti a matsayin inda ya fi dacewa a nemi magani. Binciken ya kuma gano tsoro da ƙyama masu yawa, musamman a tsakanin waɗanda ba su yi karatu ba.

Tsoron nan ya wuce gona da iri. Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa taɓa kowa, kuma sun fi zama waɗanda ake duka, ake yi wa fyaɗe, ake cinye wa gado, a kan su zama masu cutarwa. Inda haɗari ke ƙaruwa sosai shi ne in cutar ta haɗu da shaye-shaye, ko aka bar ta ba magani. A ɗaya gefen, ba kowane mai baƙar magana ne maras lafiya ba. Bahaushe ya ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, wato ya daɗe da sanin akwai masu fakewa da hauka. Tantance wannan aikin likita ne. Bai kamata majalisa ta yanke wa mutum hukuncin hauka don kawai ya cika gardama ba.

Darasin gidajen mari

Hanyar da aka gada ta tsare mai taɓin hankali ita ce turu da mari. Dokar mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ita ma ba ta wuce wannan tunani ba, domin ta fi damuwa da tsare mutum a kan yi masa magani. Iyaye da yawa da suka rasa yadda za su yi da ɗa mai shaye-shaye, ko kangararre, ko mai taɓin hankali, sukan miƙa shi gidan mari da kyakkyawar niyya, har su riƙa biyan kuɗi.

Shekarar 2019 ta tona abin da ke faruwa a wasu daga cikin waɗannan gidaje. A ƙarshen watan Satumba 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna. A tsakiyar Oktoba aka shiga wani a garin Daura, inda 'yan sanda suka ce sun sami mutum 67, masu shekara 7 zuwa 40, da yawansu cikin mari. Bayan 'yan kwanaki aka saki wasu ɗaruruwa a birnin Katsina. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na Nijeriya, a wuraren masu maganin gargajiya da na addinai, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Rahotonta na 2020 ya sami irin wannan ɗauri a ƙasashe 60.

Ta fuskar ilimin jiki, mari yana ƙara cuta a kan cuta. Ƙarfe yana cin fata ya buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, naman ƙafa yana shanyewa saboda rashin motsi, cunkoso yana yaɗa tarin fuka da ƙazuwa. Duka da yunwa da rashin barci kuwa suna sa jiki ya yi ta zubo sinadaran fargaba, adirenalin da kotizol, waɗanda ke ƙara wa amigdala kaifi, su raunana sashen goshi. Wato dai linzamin da ake son gyarawa shi ake ƙara tsinkawa. Shirun da ake gani bayan duka na tsoro ne, cutar tana nan daram.

A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙin magani da mutunci, ta hana nuna masa bambanci da wulaƙanta shi, ta kuma yi tanadin sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Tun kafin wannan, malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum alhaki, kuma sashe na 51 na kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa.

Me ya sa tsawa ba ta magani

Tun daga ƙarshen shekarun 1950, George Brown da abokan aikinsa a Landan suka lura cewa makomar mai sikizofiraniya bayan an sallame shi daga asibiti tana da alaƙa da irin gidan da ya koma. A 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka tabbatar da hakan. Da aka haɗa alƙaluman, a gidajen da ake yawan suka da tsangwama da sa ido fiye da kima, kusan rabin marasa lafiyan cutar ta dawo musu cikin wata tara. A gidajen da ake magana cikin sanyi kuwa, waɗanda ta dawo wa ba su kai ɗaya cikin bakwai ba. An maimaita irin wannan bincike a ƙasashe da yawa, sakamakon ya yi kama.

Ba a nufin iyali ne suka jawo cutar. Abin da binciken ya nuna shi ne, ƙwaƙwalwar da ta raunana ba ta iya ɗaukar hayaniya. Idan yara suka bi maras lafiya da waƙar tsokana da jifa, ko samari suka kewaye shi da wayoyi suna ɗaukar hotonsa don a yi dariya, suna hura wutar da gari zai kwana yana kashewa.

Ƙa'idojin tafiyar da al'amarin

Ƙa'ida ta farko ita ce a rarrabe hali gida uku. Akwai wanda baƙo ne kawai amma ba ya cutar da kowa, kamar magana shi kaɗai ko shiga ta daban. Wannan haƙuri ake yi da shi. Akwai wanda ke cin mutuncin wasu, kamar zagi da ƙazafi da batsa. Wannan iyaka ake sa masa. Akwai kuma mai haɗari ga rai, kamar ɗaukar makami, ko barazana ga wani takamaiman mutum, ko zancen kashe kai. Wannan gaggawa yake buƙata.

Ta biyu, iyakar a ɗora ta a kan aikin, kuma ta zama iri ɗaya ga kowa. Idan dokar majalisa ita ce ba a zagin iyayen mutum, ta hau kan mai lafiya da maras lafiya. Bambancin yana cikin manufar: ga mai lafiya horo ne, ga maras lafiya kariya ce gare shi da sauran jama'a. A faɗa masa a gajarce abin da ba a yarda da shi ba, da abin da zai biyo baya. Dokar da ke canzawa daga yau zuwa gobe tana ƙara rikita wanda tunaninsa ya riga ya rikice.

Ta uku, mutum ɗaya ya yi magana, kuma a keɓe. A zaɓi wanda maras lafiyan ke jin nauyinsa, ko kawu ne, ko tsohon malaminsa, ko abokin ƙuruciya. Ya kira shi da sunan da aka saba girmama shi da shi, Malam ko Alhaji ko Baba, domin cuta ba ta sauke mutum daga matsayinsa. Nasiha a gaban taro tozarci ce.

Ta huɗu, kada a yi musu da ruɗin, kada kuma a gaskata shi. Idan ya ce maƙwabci ya yi masa asiri, ana iya amsa masa cewa an ga yana cikin tsoro da damuwa, kuma ana son taimakonsa, ba tare da an yarda da zargin ba. Sau da yawa ƙofar asibiti ita ce abin da shi kansa ya yarda yana damunsa, kamar rashin barci ko ciwon kai.

Ta biyar, a bi mataki-mataki, kuma a bar ƙofar dawowa a buɗe. A fara da tunatarwa, sannan a raka shi gida ya huta, sannan a dakatar da shi daga wurin na 'yan kwanaki ƙididdigaggu tare da sanar da iyalinsa. Korar dindindin takan raba shi da mutanen da za su fara lura in cutar ta motsa, kuma kaɗaici yana ƙara ta.

Ta shida, kada a manta da wanda aka zaga. Mai sayar da ƙosai da aka ci wa mutunci a tasha, ko maƙwabcin da aka yi wa ƙazafin maita, suna da haƙƙi. Ya kamata mai unguwa ko liman ya wanke wanda aka yi wa ƙazafi a fili, iyali su ba da haƙuri, su biya abin da aka lalata. Jama'ar da ta ga ana kula da kukanta ba ta cika ɗaukar doka a hannunta ba.

Ta bakwai ta shafi lokacin da ya harzuƙa. A watsa taro, a tsaya nesa da shi kamar taku uku, a sassauta murya, a bar masa hanyar fita, a kawar da wuƙa da fartanya da galan ɗin fetur. Idan ya zama dole a riƙe shi don ceton rai, ya kasance na ɗan lokaci a kan hanyar asibiti, kuma kada a kifa shi a danne masa baya ko wuya, domin hakan na tsayar da numfashi. In ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko bayan buguwar kai, ko ga mai jego, to a nufi asibiti a ranar.

Magani a tsakiyar jama'a

Tunanin yi wa mai taɓin hankali magani ba sabo ba ne. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe domin irin waɗannan marasa lafiya. Amma babban sauyi ya zo ne a tsakiyar ƙarni na 20: a 1949 John Cade ya gano amfanin sinadarin litiyam ga cutar hawa da sauka a Ostireliya, a 1952 kuma Jean Delay da Pierre Deniker suka nuna a birnin Paris cewa kulofuromazin yana kwantar da ruɗewa. Shi da magungunan da suka biyo bayansa suna aiki ne ta rage tasirin dofamin. Wasunsu allura ce da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, abin da ke da sauƙi ga mazauna nesa da birni. Suna iya kawo sanƙarewar jiki, ko makyarkyata, ko yawan barci. In haka ta faru likita ne zai gyara awo, domin yanke magani kwatsam shi ne babban dalilin dawowar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu sikizofiraniya kan warke sarai.

Nijeriya ma ta koya wa duniya darasi a wannan fage. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane tare da ɗan'uwansa. Da rana su karɓi magani, sauran lokaci su yi zaman ƙauye kamar kowa. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki. Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga baya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa marasa lafiya sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini. Saboda haka addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Abin da ake yaƙi da shi shi ne mari da bulala.

Ƙarancin ma'aikata babban cikas ne, domin a 2019 likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma kusan miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa sun haɗa da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Ga mutumin Babban Mutum, matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa, wadda za ta duba ko ciwon jiki ne, ta tura shi gaba. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko.

Kammalawa

Malamai da ɗalibai suna da babban rabo a wannan aiki. Kimanin rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara nuna alama kafin ko daidai shekara 14, kuma gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar warkewa. Ɗalibin da ya janye daga abokai, makinsa ya faɗi ba dalili, ya bar wanka da barci, ya fara zargin 'yan ajinsu ko mayar wa malami baƙar magana saɓanin halinsa, yana buƙatar a zauna da iyayensa a kai shi ga ma'aikacin lafiya kafin a yi zancen bulala ko kora. Ɗalibin da ya fahimci abin da ke faruwa a bayan goshi kuwa, shi ne zai hana ƙannensa bin maras lafiya da jifa a bakin kasuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyali su lura da magani, liman ya wayar da kai, mai unguwa da dagaci su tsare iyaka da adalci, ma'aikacin lafiya ya yi nasa. Taɓin hankali ba ya tambayar gidan sarauta ko na talaka. A 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'i nasa. Tsarin da gari ya kafa yau domin ɗan wani, shi ne zai tarbi ɗan kowa gobe.